Bindigar Farauta: Takarda Kafin Ƙarfe

Tambaya: Ni mafarauci ne daga Kekun Waje. Ina son bindiga marar nauyi mai cin nesa, irin wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi. Wace zan zaɓa?

Amsa: Malam, fara da neman izini tukuna. A Dokar Makamai ta 1959, bindigar farauta irin wannan sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Harba-ka-ruga kuwa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasisinta. Dokar ta sa bindigogin soja masu cin harsashin milimita 7.62 cikin haramtattu, don haka ka nisanci .308 da mafarautan Amurka ke yabo, faɗinsu ɗaya.

Rashin nauyin ma yana da nasa aibin. Bindiga mai sauƙi ta fi dukan kafaɗa, bakinta siriri yana saurin zafi, harbi uku ko huɗu saiti ya fara kaucewa. Zomo da fakara ai ba sa buƙatar wannan.

Sannan ka dubi dajinku. Tsakanin Bunguɗu da Tsafe, soja ya hango ka da doguwar bindiga mai madubi, da wuya ya tsaya tambaya. Je hedikwatar 'yan sanda a Gusau ka ji ko ana ba da lasisin yanzu.