*CIKAR NAMIJI BA A KWALBA TAKE BA: DARASI DAGA RAYUWAR SARKIN MUSULMI BELLO*

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Magidanta 'yan'uwana na Araba da Illela da Kalmalo, da na tsallaken iyaka a Ƙonni, da duk inda wanga saƙo ya iske ku.

A yau in anka ce "ƙarfin namiji", hankalin mutane wuri guda yake zuwa, watau kwalba ko ƙullin garin magani. Wani kuma a ganinsa cikar namiji ita ce aljihu. Wani ya ce ilimi ne kawai, ko da jiki ya lalace gida ya watse. Kowane daga cikinsu ya kama ƙafa guda ta gado ya ce ya sami wurin kwana.

*ASALIN MAGANA*

Bukhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi (RA) ya ziyarci Abud Darda'i (RA), ya iske matarsa ba ta kula da kanta, domin maigidan ya duƙufa azumi da rana, tsayuwa da dare. Salmanu ya sa shi ya ci abinci, ya hana shi tashi sai ƙarshen dare, ya tuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowa yana bin sa haƙƙi. Da maganar ta kai ga Annabi (SAW), sai ya gaskata Salmanu.

To ka duba. In ibada ba a yarda ta cinye haƙƙin jiki da na iyali ba, ina ga kasuwa? Ina ga hira a majalisa da latsa waya?

*MISALI A ƘOFAR GIDANMU*

Ba sai mun tafi nesa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, an haife shi a 1781, ya riƙe sarauta daga 1817 har rasuwarsa a 1837, kabarinsa yana Wurno. Mutum guda ne, amma malami ne, jarumi ne, mai gina gari ne, kuma masanin magani. Bari mu ɗauki ƙafafun gadon nan huɗu ɗaya bayan ɗaya.

*1. ILIMI DA IBADA*

Bello ya yi karatu wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahin Gwandu. Ya wallafa littattafai sama da 100. Infaƙul Maisuri ya rubuta shi a 1812, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, ga hidimar jama'a a wuyansa. Da Baturen Birtaniya Kilafaton ya zo Sakkwato a 1824, ya iske sarkin ya san sunayen taurari da Larabci, yana kuma yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Kiristoci na dā. A zuwansa na biyu, cikin tsarabar da ya kawo har da littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, Bello ya yi murna da shi ƙwarai.

Kai fa, maigida? Ba a ce ka zama Bello ba. Amma in an tambaye ka abin da ke ɓata alwala, ko yadda ake ƙabli da ba'adi, ko nisabin zakkar geron da ka noma, za ka amsa? Ahalari da Ishmawi ƙanana ne. Tsakanin Magariba da Isha'i ya ishe ka, in ka lizimci malami guda. Furfura ba ta hana ɗaukar littafi.

*2. LAFIYAR JIKI*

A 1836 Bello da kansa ya jagoranci runduna a yaƙin Gawakuke, yana da kimanin shekara 55. Wanda bai kula da jikinsa ba ba zai zauna bisa doki cikin wagga rana tamu a irin waɗannan shekaru ba. Ya rubuta Ujalatur Rakib a kan magani, ya yi littafi a kan basir, ya yi a kan ciwon ido, ya yi a kan filasko. Duk da haka ya roƙi Kilafaton a aiko masa da likita daga Ingila. Ka ji mai ilimi na gaskiya, bai ce ganye ya ishe shi ba. Don haka wanda duk ya ce maka zuwa asibiti raunin imani ne, bai fahimci magabata ba.

Ga abin da nake ba ka shawara:

• Ka auna jininka. Hawan jini ba ya sallama. In awo yana kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, sau da yawa, ka ga likita. In an ɗora ka bisa magani, kar ka ajiye shi don ka sha zoɓo ko tafarnuwa.

• Gishiri kar ya wuce kimanin ƙaramin cokali guda a yini, giram 5, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa. Ka tuna dunƙulen miya shi ma gishiri ne, haka yajin tsire.

• Cikinka ka raba shi uku kamar yadda ya zo a hadisin Tirmizi: abinci, ruwa, numfashi. Tuwon dare mai nauyi sannan a faɗa shimfiɗa, shi ke kawo kumburin ciki da nauyin jiki da asuba.

• Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri, minti 30, kwana biyar a mako. Manomi ya riga ya samu. Amma mai shago da direba da mai canjin kuɗi, babur ya hana su tafiya ko masallaci.

• Barci awa bakwai. Ƙailula kaɗan da rana tana taimakawa, musamman a bazara.

• Mai basir ya yawaita ruwa da zogale da rama da wake da miyar kuka. Filasko yana sassauta ciki, amma na 'yan kwanaki ne, ba a mayar da shi shayi. Mai ciki da ƙaramin yaro kar su sha sai da izinin likita. In kana ganin jini a bayan gida, kar ka yanke wa kanka hukunci cewa basir ne, je a duba ka.

Yanzu maganar kwalba. Raunin da namiji ke ji a shimfiɗa sau da yawa alama ce ta ciwon suga ko hawan jini ko gajiya ko damuwa. Wasu haɗe-haɗen da ake tallatawa da lasifika a kasuwa, ana zuba musu ƙwayar bature a ɓoye ba tare da awo ba, kuma tana iya kayar da mai ciwon zuciya. Tramol kuwa, da ake sha don a jure aiki, bashi ne kake ci daga jikinka, kuma da riba za ka biya: farfaɗiya da jaraba da mutuwar zuciya.

*3. SANA'A*

Bello ya yi littafi musamman a kan neman halali, Tanbihus Sahib, yana kwaɗaitar da neman na kai, yana ƙyamar zaman banza. A Usulus Siyasa, da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa wajibin shugaba ne ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani, ya ga kowane gari ya samu nasa.

Mu mutanen bakin iyaka mun ga aya. An rufe iyaka a 2019, anka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Wanda duk abincinsa ke rataye ga shige da fice kaɗai, kun ga halin da ya shiga. Wanda ke da 'yar gonar albasa, ko tumaki biyu a turke, ko sana'ar hannu, ya ji jiki amma tukunyarsa ba ta kife ba. Ka koyi sana'a ta biyu tun kana da ta farko, ka koya wa ɗiyanka.

*4. IYALI DA HALI*

Gidan da ya fitar da Bello shi ya fitar da ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru, jajjai suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata. Da maza sun toshe mata hanya, da ba a yi haka ba.

Cikar namiji a cikin gida ake auna ta, ba a majalisa ba. Waje kowa ya iya fara'a. Tambayi kanka: in ka yi sallama, yara tarbarka suke yi ko ɓuya? Matarka ta san karatun sallarta? In tana da juna biyu, ka bar ta zuwa awo? An yi wa yara riga-kafi? Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa ƙarfi na gaskiya shi ne mallakar kai lokacin fushi, ba kayar da mutane a kokawa ba. Tsawa ba kwarjini ba ce.

*AIKIN WANGA MAKO*

Kar ka ce za ka gyara duka a rana guda, wanda ya ɗauki dami huɗu lokaci guda ba ya kai ko ɗaya rumbu. Zauna bayan Isha'i ka duba ƙafafun nan huɗu, ka gano wadda ta fi gajarta, ka fara da ita:

• In ilimi ne, nemi malami gobe.
• In jiki ne, je a auna jininka da suga kafin Juma'a.
• In sana'a ce, ware wani abu daga cinikin ranar kasuwa, ko yaya yake.
• In gida ne, ajiye waya, ka ci abincin dare da yaranka.

Ka riƙe abu gudan nan kwana 40 kafin ka ƙara wani. Aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, da ilimi mai amfani, da arziki na halal, da zuri'a ɗayyiba. Allah Ya jiƙan Shehu da Bello da sauran magabatanmu. Wallahu a'alam.

A tura wa 'yan'uwa magidanta, ba ka san wanda zai amfana ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.