Carbin Mabiya Addinin Hindu

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya ya sha ganin wani tsoho mai dogon gemu, ya tanƙwashe ƙafa a gindin itace ko a bakin kogi, ido rufe, leɓe na motsi, ga carbi a hannu. Yawancinmu mukan ce, "Ashe su ma suna jan carbi!" shi ke nan mu wuce. Iyayenmu da Indiyawa suka koya wa lissafi da kimiyya a makarantun sakandare na Arewa cikin shekarun 1970 da 1980, wataƙila wasunsu sun ga abin ido da ido. Ni dai ina ganin ya kamata mu san abin da tsohon nan yake yi, domin mabiya addinin Hindu sun haura mutum biliyan ɗaya, kuma abin da jama'a mai yawa haka ta riƙa bai kamata ɗalibi ya jahilce shi ba.

Sunan wannan ibada japa. Kalma ce ta Sanskirit, tsohon harshen littattafan addininsu, ma'anarta yin magana ƙasa-ƙasa. Abin da ake maimaitawa kuwa shi ne mantara, watau gajeren lafazi mai tsarki a wurinsu, ko sunan abin bautarsu. Mafi gajarta ita ce Om. Akwai kuma Gayatiri, mai gaɓa 24, wadda aka ɗauko daga littafin Rigbeda, ana karanta ta da ketowar alfijir da faɗuwar rana. Bisa al'ada, mutum ba ya tsintar mantara a hanya. Malaminsa, wanda suke kira guru, shi ke raɗa masa ita a kunne ranar da ya karɓe shi almajiri.

Carbin kansa suna kiransa mala. 'Ya'yansa 108 ne, ba 99 ba kamar namu. Me ya sa 108? Bayanai sun yi yawa. Wasu sun ce masaukan wata a lissafin taurarinsu 27 ne, kowane an raba shi huɗu, in ka ninka ka sami 108. Wasu kuma sun ce adadin littattafan Upanishad ke nan da aka jera. Bayan waɗannan akwai ƙwaya ɗaya babba da ba ta cikin ƙirga, sunanta meru, sunan dutsen da suka ce yana tsakiyar duniya. Idan mai ja ya zagayo ya iso wurinta, ba ya tsallake ta. Sai ya juya carbin ya komo ta inda ya fito, domin girmamawa ga malaminsa. Da hannun dama ake riƙewa, a ɗora a kan ɗan yatsan tsakiya, babban yatsa yana turo ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Manuniya ba ta taɓa carbin sam, wai ita ce yatsar girman kai da nuna mutane. Wasu ma sukan sa hannu da carbin cikin wata 'yar jaka don kada a gani.

In ka dubi irin carbin, kana iya gane wanda mai shi yake bauta wa. Mabiya Shiba sukan yi amfani da ƙwallon wani itace mai suna ruduraksha, mai kaushi da tsaga-tsaga, wanda ke fitowa a Nepal da gindin duwatsun Himalaya da Indunusiya. Mabiya Bishnu da Kirishna kuwa nasu na icen tulsi ne, wani tsiro mai ƙanshi ɗan'uwan ɗaɗɗoyar da muke da ita a nan.

To, abin da ya fi jan hankalina shi ne matakan japa guda uku. Akwai wanda ake yi da ƙarfi kowa na ji, akwai na raɗa wanda leɓe kaɗai ke motsi, sa'an nan akwai na zuci, ba sauti ba motsi. Wani tsohon littafin dokokinsu, Manusmiriti, ya fifita na raɗa a kan na bayyane, ya kuma ɗora na zuci can sama da su duka. Dalili a fili yake. Baki yana iya yin ta maimaita abu alhali zuciya ta tafi kasuwa. Wanda ya taɓa haddar darasi daren jarrabawa ya san wannan sarai. Amma na zuci, da zarar hankali ya kauce, lafazin ya yanke. Aikin carbin shi ne ya ɗauke wa mutum wahalar ƙirga, ya kuma zama kamar turke: duk sa'ad da hankali ya tsinke, ƙwayar da ke tsakanin yatsu ta komo da shi.

Kada a ɗauka abin wasa ne. Ƙungiyar Hare Kirishna, wadda Bhaktivedanta Swami Prabhupada ya kafa a birnin New York a 1966, ta ɗora wa almajiranta zagaye 16 kowace rana. Wannan maimaici 1,728 ke nan, kimanin awa biyu. Mahatma Gandhi kuwa ya ba da labari a tarihin rayuwarsa cewa yana yaro tsoron fatalwa ya addabe shi, sai mai renonsa, Rambha, ta koya masa ambaton sunan Rama. Bai bar wannan ambato ba har aka harbe shi a 1948.

Likitoci ma sun leƙa al'amarin. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa suka auna numfashin mutum 23 suna karanta addu'ar carbin 'yan Katolika, suna kuma maimaita wata mantara ta masu yoga. Suka tarar duka biyun suna rage numfashi zuwa wajen shida a minti ɗaya, alhali baligi a zaune yakan yi 12 zuwa 20. Mutum 23 ba su da yawa, kuma abin da na'ura ta auna numfashi ne da bugun zuciya da zagayawar jini kurum. Shi mai japa ba don wannan ya zauna ba. Abin da yake nema shi ne kusanci da abin bautarsa.