Kirci, ƙazuwa ko makero? A duba kafin a sayi allura

Ƴan uwa makiyaya, kowace damina sai an kawo mini wannan kuka: an yi wa saniya allurar ivermectin har sau biyu, ɓawon bayanta yana nan. Sau da yawa maganin ba shi da laifi, ciwon ne ba nasa ba.

Tambayata ta farko ita ce: dabbar tana susa? In akuya ko raƙumi na goga jiki da icce har ya bar kiwo, gashi ya zube, fata ta yi kauri, ƙazuwa ce. Nan ivermectin ke aiki: mililita 1 ga kilo 50 na nauyin dabba, ƙarƙashin fata, a maimaita bayan kwana 14. A yi wa duk waɗanda ke kwana tare, in ba haka ba ciwon zai dawo. Mai jar akuyar Maradi ya san abin da fata mai tabo ke jawo masa a kasuwa.

Kirci daban ne, kuma shi ya fi cinye kuɗin mutane. Ba ya sa susa sosai. Yana fitowa da ruwan sama, galibi a gadon baya, ya fi tsanani ga shanun da kaska ta yi wa yawa. Ka kama gashin da ya dunƙule ka ja a hankali: ɓawo zai taso tare da gashi, ƙarƙashinsa ja ne, da danshi. Ƙwayar cutar bakteriya ce, ivermectin ba ya kashe ta. Maganinsa oxytetracycline mai daɗewa a jiki, na kashi 20 cikin 100: mililita 1 ga kilo 10, cikin tsoka. Saniya mai kilo 250 ke nan mililita 25, a raba wuri biyu ko uku. A cire kaska, a ware marar lafiya daga garke. Nonon dabbar da aka yi wa kowace allura cikin biyun, a tambayi likitan dabbobi kafin a sha ko a sayar.

Makero kuwa tabo ne zagayayye, toka-toka, a fuska da wuyan maruƙa. Shafa aidin ya isa, amma yana kama yara, don haka mai shafawa ya wanke hannu da sabulu.

In kun ga kuraje masu tauri sun bazu a jikin shanu tare da zazzaɓi, wannan ba na allurar kasuwa ba ne. Ku sanar da ma'aikacin kiwo na gundumarku a ranar.