Tsakuwar Miyau: Alamarta, Tiyatarta da Jinyarta

Idan mutum ya lura cewa duk sa'ad da ya kai loma baki, musamman abu mai tsami, sai ƙasan muƙamuƙinsa ya kumbura da zafi, bayan awa ɗaya ko biyu kuma kumburin ya sace, to, galibi tsakuwa ce ta toshe hanyar miyau. Allah cikin hikimarsa ya halicci manyan maɓuɓɓugan miyau guda 6, uku a kowane gefe: gaban kunne, ƙasan muƙamuƙi da ƙarƙashin harshe, amma kusan kashi 80 cikin 100 na tsakuwoyin a ta ƙasan muƙamuƙi suke tsirowa, domin miyanta ya fi kauri, hanyarta kuwa hawa take yi. Ƙarancin shan ruwa, irin na bazara da na azumi, yana daga cikin sabubbanta.

Muddin tsakuwar ƙarama ce, yawan shan ruwa, da gasa wurin da ɗumi, da murza shi a hankali, da tsotsar lemun tsami ko tsamiya kan fitar da ita. In ta ƙi, wajibi ne a nufi likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kada a kai wa wanzami ya yi sakiya, gama jijiyoyin leɓe da na harshe nan kusa suke. Likita yakan zaro ta da siririyar na'ura, ko ya tsaga ta cikin baki. Sai fa in ta yi zurfi ko ciwon ya yawaita komowa, sannan a cire maɓuɓɓugar ɗungum ta wuya.

Kafin tiyata, lalle majinyaci ya bayyana wa likita dukkan maganin da yake sha, bilhassa mai tsinka jini kamar asfirin, da larurar sukari ko hawan jini, ya kuma kame daga abinci awa 6 kafin allurar barci. Bayanta, ya lazimci kunu da abinci mai taushi, a cire zare bayan kamar mako guda, ya huta mako 2. Bakinsa ba zai bushe ba, sauran maɓuɓɓugan sun wadatar. Amma zazzaɓi, ko mugunya, ko kumburin da ke takura numfashi, ba su karɓar jinkiri: a koma asibiti nan take.