Darasi Daga Barbiyana: Hanyar Koyarwa da Basirar Yaro a Fagen Rubutu

Gabatarwa

Da wuya a sami gida a cikinmu wanda ba shi da ɗa ko jika a makaranta. Mukan sayar da hatsi da awaki domin mu biya kuɗin makaranta, mu sayi littattafai da biro. Duk da haka, sau da yawa yaro yakan gama sakandare, a ce ya rubuta wa kawunsa wasiƙa ko ya rubuta rahoton taron matasa, sai ya zauna yana tauna biro. Nan da nan mukan yanke hukunci mu ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Darasinmu na wannan wata yana roƙonmu mu dakata da wannan hukunci. Yaron nan da ya kasa cika rabin shafi, shi ne da dare yake riƙe ƙannensa da tatsuniya har su ƙi barci. Ashe basirar tana nan. Abin tambaya shi ne, hanyar da aka bi da shi a aji ta fito da ita ne, ko kuwa ta binne ta?

1. Abin da muka saba gani a aji

A makarantu da yawa ga yadda darasin insha'i yake tafiya. Malam ya rubuta misali a allo, yara su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa. In an ce su rubuta yadda suka yi hutu, yaron da ya ƙare hutunsa yana noman dawa da kiwon awaki sai ya rubuta cewa ya je Legas ya ga teku, domin haka yake a allo. Malam ya tara littattafai, ya bi kurakuran harafi da aya da jan biro, ya sa maki, shi ke nan.

Yaron da aka rena haka yakan koyi abu uku. Na ɗaya, cewa rayuwarsa ba ta isa a rubuta ba. Na biyu, cewa mutum guda ake yi wa rubutu, wato mai neman kuskure. Na uku, cewa sau ɗaya ake rubutu, ba a komawa a gyara. Ba mu faɗi haka domin mu ga laifin malamai ba. Wanda aka danƙa wa aji mai yara tamanin, ga albashi ba ya isa, yana ɗauke da kaya mai nauyi, shi ma kuma haka aka koya masa. Amma akwai wata hanyar, kuma an gwada ta a wurin da ya fi namu rashi.

2. Makarantar kan dutse

A shekarar 1954 aka tura wani matashin firist mai suna Fada Lorenzo Milani zuwa Barbiyana, wani ɗan ƙauye a gefen dutse, arewa da birnin Filorans a ƙasar Italiya. An haife shi a 1923 cikin gidan masu arziki da ilimi, ya zama firist a 1947. Sa'ad da ya isa Barbiyana babu wutar lantarki, babu ruwan famfo, babu hanyar mota. Mutanen wurin ƙananan manoma ne da makiyaya, 'ya'yansu kuwa sukan faɗi jarrabawa a makarantun gwamnati su koma gona.

Waɗannan yara da aka ce ba su da amfani a makaranta su ne Fada Milani ya tara. Ra'ayinsa shi ne, babban abin da ya raba talaka da mai iko shi ne mallakar kalma: wanda bai iya bayyana abin da ke ransa ba, a baki ko a takarda, kullum wani ne zai yi magana a madadinsa. Saboda haka harshe ya zama uwar darussa a makarantar. Kowace rana sukan karanta jarida tare da babbar murya, su tsaya a kan kowace kalma mai wuya har sai mafi ƙanƙanta a cikinsu ya gane. Manyan yara su ne malaman ƙanana.

Da wasu daga cikin yaran suka sauka birni domin jarrabawa, aka kā da su. A cikin abin da suka ba da labari daga baya, har da wani insha'i da aka ce su rubuta a kan hirar da taragun jirgin ƙasa suke yi a tsakaninsu. Yaran da aka saba wa rubuta abin da suka sani, suka rasa abin faɗi. Maimakon su yi shiru da ɓacin ransu, sai yara takwas suka zauna tare da malaminsu watanni da yawa suna rubuta amsa. Suka tattara alƙaluman hukuma, suka nuna cewa 'ya'yan talakawa ne makaranta ta fi kayarwa. Littafin, wanda ma'anar sunansa ita ce Wasiƙa Zuwa ga Wata Malama, ya fito a watan Mayu na 1967. Fada Milani ya rasu ranar 26 ga Yuni na shekarar, yana da shekara 44. An fassara littafin zuwa harsuna da yawa, ya kuma girgiza masu tsara ilimi a Italiya. A watan Yuni na 2017 Paparoma Francis ya je Barbiyana ya yi addu'a a kabarinsa.

3. Yadda suke rubutu

Abin da ya fi amfani a gare mu shi ne dabarar da suka bi, domin ba ta bukatar kuɗi. Ga matakanta:

Na fari, kowane yaro yana yawo da ƙananan takardu a aljihu. Duk lokacin da wani tunani ya zo masa game da batun da ake ciki, ko yana gona ne, sai ya rubuta. Tunani ɗaya, takarda ɗaya.

Na biyu, a zuba dukan takardun a kan babban tebur, a karanta su ɗaya bayan ɗaya, a zubar da waɗanda suka maimaita juna.

Na uku, a haɗa masu dangantaka wuri ɗaya. Manyan tuli su zama babi, ƙanana su zama sakin layi. A raɗa wa kowanne suna. Wanda aka kasa raɗa wa suna, alama ce ko babu kome a cikinsa, ko kuwa abin ya yi yawa, sai a raba.

Na huɗu, a yi muhawara a kan wanne zai zo farko, wanne zai biyo baya, sa'an nan a rubuta.

Na biyar, a shiga tankaɗe da rairaya. A cire kalmar da ba ta aikin kome, a raba jimlar da ta yi tsawo, a fitar da duk abin da ba gaskiya ba.

Na ƙarshe, a kira wani daga waje, musamman wanda bai yi zurfi a boko ba, ya karanta da babbar murya. Inda ya yi tuntuɓe ko ya fahimci wani abu dabam, can ne za a koma a gyara.

Mu lura da yadda aka raba aikin. Abin da za a faɗa daga yara ya fito, daga gonarsu da gidajensu da abin da ya yi musu zafi. Tsari da horo kuwa daga malam suka fito. Basira kamar ruwan rafi ce, hanyar koyarwa kuma ita ce lambatun da ke kai shi ga shuka. Ba kome na Barbiyana ne abin koyi ba, domin makaranta ce mai tsanani, ana karatu tun safe har dare, babu hutu a shekara. Dabarar rubutun ce muke so mu ɗauka.

4. Shaidar masu bincike

Wani zai ce wannan sa'ar malami guda ce. To, masana sun auna al'amarin. A 1986 George Hillocks na Jami'ar Shikago a Amurka ya tattara nazarce-nazarce masu yawa a kan koyar da rubutu, ya gwada hanyoyin da juna. Hanyar da malam ke ta bayani, ya ba da misali, ya ce a kwaikwaya, ita ce ta fi ƙarancin amfani. Hanyar da ake sakin yara su rubuta abin da suka ga dama, malam yana gefe, ta fi ta. Wadda ta fi su duka ita ce wadda malam ke kawo aiki mai manufa bayyananna, da kayan da za a yi nazari a kai, yara su yi ta fama da shi a ƙananan ƙungiyoyi kafin kowa ya rubuta nasa.

A 2007 Steve Graham da Dolores Perin suka yi irin wannan aiki a kan ɗalibai daga aji huɗu na firamare zuwa ƙarshen sakandare. Abubuwan da suka fi ɗaga darajar rubutu su ne koya wa yaro dabarun tsarawa da sake dubawa da gyarawa, koya masa taƙaita abin da ya karanta, sa yara su yi rubutu tare, da gaya musu sarai abin da ake so rubutun ya cim ma. Haddar dokokin nahawu ita kaɗai, ba tare da an haɗa ta da rubutun yaro ba, ba ta ƙara kome ba. Amma koya masa haɗa gajerun jimloli su zama jimla ɗaya mai kyau ya taimaka. Yawancin nazarin a Amurka aka yi shi, cikin azuzuwan da ba su kai namu cika ba, saboda haka sai mu ɗauke shi da hankali. Duk da haka ya yi daidai da abin da aka gani a Barbiyana: saki babu jagora bai isa ba, jagora babu muryar yaro ma bai isa ba.

5. Mu ma mun taɓa gani

A 1933 Rupert East, shugaban ofishin talifi da ke Zariya, ya shirya gasar ƙaga labarai da Hausa. Ya zaga garuruwa yana bayyana wa masu ilimi irin labarin da ake nema. Daga gasar aka buga littattafai biyar, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Imam da Tafawa Ɓalewa malaman makaranta ne matasa, ba su fi shekara 22 ba a lokacin. Hikimarsu tana tare da su tun kafin gasar. Abin da gasar ta kawo shi ne manufa bayyananna, da masu karatu da ke jira, da mai dubawa wanda zai zauna da marubuci a gyara, da izinin rubutu cikin harshen da suke tunani da shi. Waɗannan abubuwa huɗu ba su fi ƙarfin ajin firamare ba.

6. Aikin da ke gabanmu

Ga malamanmu: ku ba da batun da yaro ya sani, kamar yadda ake gina rumbu, ko abin da ya faru ranar kasuwa. Ku bar shi ya fara faɗa da baki, da Hausa ko da harshen gidansu, kafin a nemi ya rubuta da Turanci. In aji ya cika, ku raba yara shida-shida, su yi aiki da ƙananan takardu da aka yanka daga tsofaffin littattafai. Takarda goma sha biyar da aka duba da kyau ta fi tamanin da aka wuce a guje. A dubawar farko ku tambayi ma'ana, ku bar gyaran harafi da aya zuwa ta biyu.

Ga iyaye: wanda bai yi boko ba ma yana da babban matsayi, domin irinsa ne yaran Barbiyana suke kira ya zama alƙalin rubutunsu. Ki ce wa 'yarki ta karanta miki abin da ta rubuta yau. In ba ki gane ba, ki ce ta sake bayani. Ku sa yara su rubuta saƙo na gaske zuwa ga ɗan'uwa da ke nesa, ko su rubuta tarihin zuwan kakansu garin nan tun yana da rai.

Ga ƙungiyoyin Ikklisiya: mu ba matasa aikin rubuta rahoton taro da sanarwa da ɗan wasan kwaikwayo, babba ya zauna da su a gyara, sa'an nan a karanta a gaban jama'a da sunayensu. Yaron da ya ji ana sauraron abin da ya rubuta ba ya mantawa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Yaushe rabonmu da mu saurari abin da ɗanmu ya rubuta, ba makin da ya samu kaɗai ba?
2. Wane yaro ne a unguwarmu aka riga aka ce ba ya ja, kuma wace baiwa muka san yana da ita?
3. Wace matsala ce ta dami ƙauyenmu ko unguwarmu, wadda matasanmu za su iya haɗuwa su rubuta wa hukuma wasiƙa a kanta?
4. Wane taimako za mu iya ba malaman makarantarmu a wannan zango?

Kammalawa

'Yan'uwa, gobe 'ya'yan nan ne za su rubuta takardar neman aiki, da ƙorafi in an ƙwace musu gona, da yarjejeniyar sulhu in rigima ta tashi. In ba su iya ba, wani zai rubuta musu abin da ya ga dama, su sa hannu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bari kowace ƙungiya ta zaɓi ɗaya daga cikin ayyukan da muka lissafa, ta gwada shi kafin taron wata mai zuwa, ta kuma kawo abin da yara suka rubuta a karanta wa kowa ya ji.