KYAUTAR MA'AIKACI: GORO NE KO CIN HANCI?



'Yan uwa, ma'aikata suna yawan tambayata: "Malam, ni fa ban roƙa ba. Bayan na gama masa aiki shi ya ba ni na goro. Ya halatta?"

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Humaid As-Sa'idi (RA) cewa Annabi (SAW) ya tura wani mutum mai suna Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya kasa kayan gida biyu, ɗaya na zakka, ɗayan kuma ya ce kyauta aka yi masa. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi inkarin abin, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da ya gani ko kyautar za ta iske shi.

To ma'aunin ke nan. Tambayi kanka: idan gobe aka ɗauke ni daga kujerar nan, buhun shinkafar nan zai biyo ni gida? In ba zai biyo ka ba, kujerar aka ba, ita kuwa amana ce da ake biyan ka albashi a kanta. Kiran abin "goro", "kuɗin mai" ko "ihsani" ba ya canza hukuncinsa. Kuma duk fayil ɗin da aka ɗaga sama saboda goro, akwai na wani talaka da aka danne a ƙasa.

Dokar Najeriya ma haka ta tafi. Dokar da ta kafa hukumar ICPC a shekarar 2000 ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga ma'aikacin gwamnati da ya karɓi rashawa, haka wanda ya ba shi. Ta kuma wajabta wa ma'aikacin da aka yi wa tayin cin hanci ya kai rahoto ga hukumar ko 'yan sanda. Yin shiru ma laifi ne. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bar masa kyautar dangi da abokai ne kawai, a lokutan da al'ada ta saba.

Ga shawarata:

1. Ka mayar da abin nan take, da sakin fuska: "Na gode Alhaji, aikina ne."

2. In an ajiye ba ka nan, ka sanar da shugabanka a rubuce. Ma'aikatun tarayya da dama suna da sashen yaƙi da rashawa, wato ACTU.

3. Kada ka ja wa mutum rai har ya gaji ya miƙo. Wannan ma roƙo ne, baki kawai ba ka buɗe ba.

4. Kai shugaba, ka manna kuɗin kowane aiki a bango, a biya ta banki, a ba da rasit. Haƙƙin na ƙasa da kai kuma ka biya a kan lokaci.

Na san albashi ba ya kai wata, wallahi na sani. Amma abin da ka shigo da shi gida, shi 'ya'yanka za su ci su girma da shi.

Allah Ya wadata mu da halal. Wallahu a'alam.