Taswirar Abin da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Galadima, cikin tsohon birnin Zariya, a daren da sama ta washe, zai ga taurari birjik, har da Kaza da 'Ya'yanta. To amma masana ilimin taurari sun gano cewa duk abin da ake iya hangowa a sararin samaniya bai wuce kashi 15 cikin 100 na abin da ke da nauyi a can ba. Sauran kashi 85 ɗin ba ya fitar da haske, ba ya kuma tare shi. Shi ne ake kira ɓoyayyen abu.

Taurari suna zaune ne jama'a-jama'a. Tarin biliyoyin taurari shi ake kira galaksi, kuma ɗaruruwan galaksi sukan haɗu su zama rukuni guda, kamar yadda unguwanni suka taru cikin ganuwar Zazzau. Ganuwar da ke riƙe da rukunin ita ce ƙarfin janyowa, wanda yake ƙaruwa gwargwadon nauyin abin da ke ciki. A shekarar 1933 Fritz Zwicky ya auna gudun galaksin rukunin Coma, sai ya tarar saurinsu ya fi ƙarfin abin da nauyin taurarin da ake gani zai iya riƙewa. Ke nan ko dai akwai wani nauyi a ɓoye, ko kuwa akwai kuskure a fahimtar ƙarfin janyowa.

Hanyar warware wannan matsala ta biyo ta kan haske. A 1915 Albert Einstein ya bayyana cewa abu mai nauyi yakan lanƙwasa hanyar hasken da ya gifta kusa da shi. Ran 29 ga Mayu, 1919, Arthur Eddington ya jarraba wannan magana lokacin husufin rana a tsibirin Firinsife, cikin Tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya. Hotunansa sun nuna taurarin da ke kusa da gefen rana sun ɗan goce daga mazauninsu. Ashe nauyi yana yi wa haske irin aikin da gilashin tabarau ko ƙwayar idon mutum ke yi masa.

Ɗalibi na iya gwada haka da kansa. Ya ɗiga ƙananan ɗigo masu yawa a farar takarda, sa'an nan ya dube su ta gindin tambulan mai kauri. Zai ga ɗigon sun miƙe, waɗansu sun tanƙware kamar jinjirin wata. Daga yanayin tanƙwarar ana iya gane inda gilashin ya fi kauri.

Haka masana ke yi. Galaksin da ke can bayan rukuni su ne ɗigon, rukunin kuwa shi ne tambulan. Sukan ɗauki hoto da madubin hangen nesa, su auna siffar dubban galaksin baya, su lissafa nauyin da zai jirkita su haka a kowane sashe. In an ɗebe nauyin taurari da na iskar gas, abin da ya rage shi ne taswirar ɓoyayyen abu. Anthony Tyson da abokan aikinsa ne suka fara auna irin wannan ƙaramar jirkita a 1990.

Hujja mafi ƙarfi ta zo a 2006, lokacin da Douglas Clowe da jama'arsa suka nazarci Rukunin Harsashi, inda rukunai biyu suka yi karo. Iskar gas mai zafi, wadda ta fi taurarin nauyi, ta cije a tsakiya saboda gogayya. Da a ce abin da ake gani shi ne kaɗai ke akwai, da a nan haske zai fi lanƙwasa. Sai ga shi taswirar ta nuna mafi yawan nauyin ya zarce gaba tare da galaksin, ya bar gas ɗin a baya.

Har yanzu ba a kama ƙwayar wannan abu a ɗakin gwaji ba, shi ya sa a 2023 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba madubin Euclid domin faɗaɗa taswirar. Ba a ganin iska, sai dai a ga motsin ganye. Yana da kyau malamai su sa ɗalibai su yi gwajin tambulan a aji, su zana abin da suka gani, sa'an nan su bayyana yadda tanƙwarar ɗigo ke nuna kaurin gilashi.